Rijiyar Jiya da Tsanin Barmo

Da sunan Wanda ya jera kwanaki ɗaya bayan ɗaya, ya hana jiya ta cim ma yau, ya hana yau ta leƙa gobe. Ku matso ku ji abin da idona ya gani, ƙafata ta taka, hancina ya shaƙa a ƙasar da ba ta cikin taswirar kowa. Ni ne Mantau ɗan Nomau, mutumin Dutsen Kwargo, mai bin sawu, ɗan mai bin sawu. Wanda ya san yana da saurin tashin zuciya ya koma kusa da ƙofa tun yanzu, kada ya ce ban faɗa masa ba.

A ƙasarmu in an sace saniya ni ake kira. Nakan dubi ƙasa in ce maka ɓarawon nan gurgu ne, ko yana ɗauke da kaya a ka, ko tsoro ya sa yana waiwaye. Mutane suka yi ta zuga ni har kaina ya kumbura. Ana nan wata damina aka kore wa wani makiyayi shanu goma sha biyu. Na bi sawu kwana biyu, saura ƙiris in kama mutanen, sai sama ta ɓalle da ruwa, ta wanke ƙasa tas. Na dawo hannu biyu, jikina sharkaf, matan gari suka sa ni a waƙar daka.

Cikin wannan baƙin ciki wani bafatake ya ba ni labarin Birnin Garu Tara, can bayan mafitar rana. Ya ce a can akwai wani gida da ake kira Gidan Sawu, ma'aikatansa ba ruwansu da ruwan sama ko iska, domin in an yi laifi suna sauka cikin wata rijiya ne, su fita a ainihin ranar da aka yi shi, su gani da idonsu. Tun kafin ya rufe baki na ɗaure kayana. Yayana Jatau, baduku ne, ƙato mai sanyin hali wanda ko ɗan tsako ya gani a kwance sai ya tsuguna ya ɗaga shi, ya ce ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba, don ya san bakina zai ja mini duka a hanya. Ban so ba, amma shi ne babba.

Bayan wata biyu muka shiga Hamadar Sawun Gaba. A nan sawun mutum shi ke riga shi tafiya. Kana tsaye sai ka ga alamar takalminka tana fitowa a rairayi a gabanka, ɗaya bayan ɗaya, ƙafarka kuma ta bi ta ko kana so ko ba ka so. Muka bi namu rabin yini, har na lura duk sawayen matafiya wuri ɗaya suka dosa, wani ƙaton rami da ungulaye suka yi wa rumfa, warinsa yana dukan mutum tun daga nesa. Na ce wa Yaya Jatau ya zaro basillarsa maza. Nan take ya kwance maɗaurin takalmanmu ya juya su, dunduniya ta koma gaba. Sawun ya tsaya cak, ya yi ta juyi a wuri ɗaya kamar akuyar da ta ɓace wa garke, daga nan ya kama hanyar baya a guje. Mu kuwa muka kewaye ramin muka wuce, hannunmu a hanci.

Daga can sai Dajin Gulma, inda kowace bishiya take maimaita abin da matafiyi ya faɗa a gindinta, ta miƙa wa ta gaba, har maganar ta isa kunnen 'yan fashin da ke zaune a bakin dajin. Tun a bishiyar farko muka ji asirin mutanen da suka riga mu wucewa, wanda ya ɓoye zinariya a gora, da wanda ke zagin surukinsa. Na ɗaga murya na ce, "Wayyo Yaya, ƙazwar nan ta ci mini har hammata, ga ruwa tana yi." Yaya Jatau bai iya ƙarya ba, sai da na taka masa ƙafa sannan ya ce tasa ma ta fara tsutsa. Bishiyoyi suka ɗauka, kowace ta ƙara gishirinta. Kafin mu kai bakin dajin labari ya zama kutare biyu ne ke tafe, yatsunsu suna zuba a hanya. Muka tarar 'yan fashin sun gudu sun bar tukunya a kan wuta, muka zauna muka cinye.

Ran da muka cika wata huɗu muka shiga Birnin Garu Tara. Gari ne mai kyan gini, amma tun a ƙofa na ga abin da ya ɓata mini rai. Wata tsohuwa ta zame da tulun ruwa, ta faɗi, goshinta ya fashe. Maimakon a ɗaga ta, sai mutane suka ja da baya suka yi da'ira, wani ya ɗauki kara ya zana layi kewaye da ita, ana ta cewa, "Kada a ɓata sawu! Kada a ɓata sawu!" Yaya Jatau ya yunƙura, wani mai sayar da igiya ya riƙe masa riga ya ce, "Baƙo, rufa wa kanka asiri. A nan duk wanda ya taɓa wanda ya faɗi kafin 'yan sawu, ma'aikatan Gidan Sawu, su gani, shi ya kayar da shi." Tsohuwar ta rarrafa da kanta ta fita daga layin, tana ba mutane haƙuri don ta ɗiga jini a hanya.

Washegari da hantsi na tafi Gidan Sawu neman a ɗauke ni koyon aiki, Yaya Jatau kuma ya nufi kasuwa sayo mana abinci. Na yi zaman jira a zaure har azahar ba wanda ya kula ni. Ina nan zaune sai ga dogarai sun shigo da mutum a ɗaure, gaban rigarsa jina-jina, ƙudaje na bin sa. Yayana ne. Aka ce wani mai baibaya, Barmo, yana kan tsani yana gyaran jinkar wata rumfa, tsanin ya zame, ya faɗo kan laujen da ke ƙugunsa, ya mutu. Yayana kaɗai ya tsallake layi ya rungume shi, saboda haka shi ya ture tsanin. Alƙali ya ce ran Asabar za a sare kansa, sai fa in 'yan sawu sun sauka sun ga akasin haka. Ranar Litinin ce.

Na samu ganinsa a kurkuku ta wata 'yar taga. Na ce, "Yaya, ba an gaya maka ba? Ba a gabana aka riƙe maka riga ba?"

Ya ce, "An gaya mini. Amma hanjinsa ne a waje, Mantau. Yaya zan yi?"

Na yi tsaki na tafi neman masu binciken.

Su biyu aka ba aikin. Na farko shi ne Sarkin Sawu Cindo, shugaban gidan. Ban taɓa ganin mutum mai cika ɗaki irinsa ba. Na same shi ya miƙe ƙafafu a kan tabarma ba takalmi, ƙafar hagu yatsa shida, faratan sun yi baƙi sun lanƙwashe, yana cin kan rago da hannu biyu yana goge maiƙon a gemunsa. Gemun nan in aka matse shi za a yi miyar gida guda. Ba ya magana sai da tsawa, ba ya tambaya sai da mari. A gabana aka kawo masa wani da ake zargi da satar jaki, ya dube shi sau ɗaya ya ce idonsa na ɓarayi ne, a tafi da shi.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ƙanen baƙon nan ne da aka kama."

Ya ce, "Ƙaton nan? Shi ya yi. Na ga wuyansa. Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin mai irin wannan wuya da bai kashe mutum ba."

"Ranka ya daɗe, ai ba a sauka rijiyar ba tukuna."

"Za a sauka, ɗan ƙauye, don a cika al'ada. Ni hancina ya riga ya sauka ya dawo." Ya yi gyatsa, sai da na kau da kai.

Na biyu shi ne Malam Wada, marubucin gidan. Da na gan shi na ce alhamdu lillahi, ga mutum. Siriri ne, fari tas da shi, rigarsa ba ko ɗigo, yana tafe da littafi da alƙalami da igiyar awo. Ba ya ɗaga murya, ba ya dukan kowa, yana ƙyamar Cindo kamar yadda nake ƙyamarsa, har yakan shimfiɗa ƙyalle kafin ya zauna inda Cindo ya tashi. Na ba shi labarin yayana tun daga yarinta, ina yi ina share hawaye. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni tsawon Yaya Jatau kamu nawa ne. Na faɗa, ya rubuta. Ya ce hawayena ta ido ɗaya suka fara zuba ko ta biyu. Ya rubuta wannan ma. A nan na gane Cindo ya fi shi dama, don shi aƙalla yana jin haushin mutane.

Al'adarsu ce ɗan'uwan wanda ake tuhuma ya bi su, don kada dangi su ce an yi zalunci. Ran Juma'a da hantsi, saura kwana ɗaya a sare yayana, suka kai ni tsakar gidan, inda Rijiyar Jiya take. Faɗinta ya kai masussuka, matakala ta dutse tana zagaya cikinta har inda ido ba ya kaiwa, kowace matakala da 'yar ƙofa a jikin bango. Wani ɗumi yana tasowa daga ciki mai warin tuwon da ya kwana uku a rufe.

Malam Wada ya tsaya a baki ya karanta mini ƙa'ida. Ya ce kowace matakala kwana ɗaya ce, ta farko jiya, ta biyu shekaranjiya, haka har ranar da aka kafa garin. Mutum ba ya shiga ƙofa ɗaya sau biyu, in ya fito ta rufe masa har abada. Mutanen ranar ba sa ganin wanda ya sauko, sai wanda ajalinsa ya matso. Sannan ya nuna mini wani buzu da ke naɗe a hammatarsa ya ce a kansa za mu tsaya, duk wanda ya sauka daga kai ko ya taɓa wani abu, shaidarsa ta ɓaci.

Na ce, "Allah gafarta Malam, in mutum ya taɓa me ke faruwa?"

Ya yamutsa fuska ya ce, "An taɓa yi. Wani sabon ma'aikaci, mai rawar kai, ya ga za a soki wani mutum, ya tare hannun mai wuƙar. Muka hau muka tarar da mamacin a kasuwa yana sayar da albasa. Rubutun da na yi na wata uku a kan mutuwarsa ya tashi a banza, shafi ɗari da sittin. Har yau in na gan shi raina ɓaci yake." Cindo ya fashe da dariya har yana fesa mini guntun nama a kunne.

Muka sauka matakala huɗu. Bangon yana zufa, kuma ta kowace ƙofa ana jin hayaniyar ranarta, kiran salla da kukan jakuna da faɗan mata. Daga can ƙasa kuwa muryoyin mutanen da suka daɗe da mutuwa suke tasowa suna cinikin gero. Cindo ya bankaɗe ƙofa ta huɗu da ƙafa, sai ga mu tsakiyar kasuwa ran Litinin, rana tsaka, mutane suna ratsa mu ba wanda ya ko kalle mu.

Malam Wada ya shimfiɗa buzu a gaban wata rumfa, muka hau mu uku, tumbin Cindo ya tura ni can gefe. Taku biyu daga inda nake ga gindin tsani. A samansa ga Barmo, ɗan tsamurmurin mutum mai furfura, lauje a ƙugu, yana ɗaure shuci, ciyawar jinka, yana 'yar waƙarsa. Gefen tsanin akwai wani dakali da aka yaɓe da safiyar nan, laka ba ta ko fara bushewa ba. Bayan dakalin mai tsire ne da tukubarsa, nama yana ta ɗiga mai a wuta. Yaya Jatau kuwa na hango shi can nesa wajen masu fura, ko kusa da rumfar bai zo ba. Farin ciki ya kama ni.

Na ce, "Malam, ka gan shi can? Rubuta!"

Ya ce, "Zan rubuta in lokacinsa ya yi. Yanzu inuwar rumfa nake aunawa."

Muka yi ta tsayuwa. Cindo ya fara haɗiyar yawu da ƙarfi, cikinsa yana ƙugi. Ya ce shi fa bai karya da kirki ba, kuma wannan shi ne daɗin aikin, naman jiya ba mai shi. Sai kawai ya sauka daga buzu. Na dubi Malam Wada, ya ci gaba da awonsa kamar bai gani ba. Cindo ya ɗora ƙafar hagu a kan ɗanyen dakali, ya miƙa hannu ta saman kafaɗar mai tsire ya zare tsinke uku. Da zai juyo, ɗuwawunsa ya bangaji tsanin.

Tsanin bai faɗi nan take ba, gindinsa ne ya fara ja a hankali yana kartar ƙasa, yana nufo gefen buzun da nake. Barmo ya daina waƙa, ya cafki shuci da hannu biyu, ciyawar tana zarewa kaɗan-kaɗan, yana kiran sunan Allah. An ɗauki lokacin da mutum zai sha ruwa ludayi biyu. Ni kuwa idona yana kan dakali. Cindo ya ɗaga ƙafarsa, ga sawu ya zauna a laka raɗau, dunduniya da tafi da yatsu shida, ban taɓa ganin sawu mai kyau irinsa ba tun da nake. Zuciyata ta ce, Mantau, ka samu, kada ka motsa, kada ka ɓata shaidarka. Ban motsa ba. Na ji faɗuwar a bayan kunnena.

Mutane suka ja da baya, mai kara ya zo ya zana layi. Sai ga Yaya Jatau ya yar da ƙwaryar fura, ya keta su, ya tsallake layin, ya zube ya rungumi Barmo yana danna cikinsa da hularsa. Jini yana bulbulowa ta tsakanin yatsunsa. Cindo ya dawo kan buzu yana tauna, ya leƙa ya ce kash, laujen nan mai kyau ne, an yi asara. Malam Wada ya tsuguna, ya tattare bakin rigarsa don kada ta taɓa ƙasa, yana ƙirga numfashin mutumin yana sa ɗigo a takarda. Na ga leɓen Barmo yana motsi, idonsa ya juyo wajenmu, sai na mai da nawa kan dakali ina addu'a kada wani ya zauna a kai.

Da muka hau matakala na tare Malam Wada na ce, "To, ka gani da idonka. Sarkin Sawu ne ya ture tsanin."

Ya buɗe littafin ya nuna mini. Ya rubuta tsawon tsani, da nisan rumfa, da yawan numfashi, saba'in da huɗu. Ya rubuta cewa tsire uku sun ɓace. Sunan Cindo babu.

Ya ce, "Littafi yana rubuta mutanen ranar ne. Mu ba mutanen ranar ba ne, ran Litinin muna nan gida, kai ma shaida ne, a zaure ka wuni. Wanda ba ya cikin rana ba ya yin laifi a cikinta."

"To wa ya ture tsanin?"

"Littafi bai gani ba. Abin da ya gani shi ne yayanka ya taɓa mamaci."

Cindo ya dafa kafaɗata da hannunsa mai maiƙo ya ce, "Na gaya maka wuyansa ne, ɗan ƙauye." Na ture hannunsa na fita waje.

Daga nan kasuwa na nufa a guje. Dakalin yana nan, an kife masa tsohon kwando saboda yana cikin layin da aka zana, kuma tsoron 'yan sawu ya hana kowa taɓawa. Karo na farko ke nan da mugunyar al'adarsu ta yi wa wani amfani. Na ɗaga kwandon, ga sawu ya bushe ƙam kamar an gasa shi. Na zauna a kan kwandon nan ban tashi ba har aka buga tambarin Asabar.

Da aka fito da Yaya Jatau dandalin kasuwa, hauni yana wasa takobi, alƙali yana kan shimfiɗarsa, na faɗi a gabansa na ce, "Allah ya ba Malam nasara, ni baƙo ne, ban san littafi ba, ƙasa na sani. Ina roƙon a tambayi mai rumfar nan yaushe ya yaɓe dakalinsa." Aka tambaya, ya ce Litinin da safe, kafin la'asar ya bushe. Na ce a tambayi mai tsire tsinke nawa ya rasa ran nan. Ya ce uku, har ya zargi maƙwabcinsa. Sannan na ɗaga kwandon na ce duk wanda ya taka nan ran Litinin ya taka, yana miƙa hannu wajen tukuba, ga nauyinsa ya karkata kan yatsu, kuma da ya juyo dole jikinsa ya bugi abin da ke jingine a nan. Na ce a gwada ƙafar yayana. Aka gwada, yatsa biyar, ta yi kaɗan.

Idanun mutane suka koma kan Cindo, don ba wanda bai san mai yatsa shida a garin ba. Alƙali ya yi ta shafa gemu, ya rasa yadda zai yi, a ƙarshe ya ce Sarkin Sawu ya taimaka ya ɗora ƙafa. Cindo ya zage ni, ya zagi garinmu da bai san sunansa ba, amma ya ɗora. Ta zauna daram.

Na ɗauka za a kama shi. Alƙali ya kira Malam Wada suka yi ƙus-ƙus, aka buɗe littattafai, sannan ya yanke hukunci. Ya ce baƙo Jatau bai ture tsani ba, a sake shi, amma ya bar gari kafin la'asar saboda ɓata sawu. Sarkin Sawu kuwa ba ya cikin ranar Litinin, don haka ba abin da ya hau kansa. Tun da kuma dole a sami mai laifi a cikin ranar, to tsanin ne, a ƙone shi. Mutane suka yi ta jinjina hikimar alƙali. Aka cinna wa tsanin Barmo wuta a gaban matarsa, kuma ina rantse muku kafin wutar ta mutu Cindo ya aika an kawo masa masara ya gasa a kai.

Muna ɗaure kaya sai ga Malam Wada ya zo, yana taka ƙasa kamar mai tsoron ta ɓata masa takalmi. Ya ce Gidan Sawu ya amince a ɗauke ni aiki. Ya ce, "Karatun ƙasa da ka yi ba laifi, amma ba shi ya burge ni ba. Tsayuwarka ce. Shekara ashirin da shida ina kai sababbi, kowanne sai na riƙe masa riga in abu ya zo. Kai ko gezau ba ka yi ba. An haife ka don wannan aiki." Na ce masa ya riƙe aikinsa, na tofar da yawu kusa da ƙafarsa, na ja hannun yayana muka fita ina jin kaina wani gwarzo.

Muka yi tafiya har garu na tara ya ɓace a bayanmu. Muka sauka gindin wata tsamiya, na dama mana gari a ƙwarya ɗaya, ina ta ba shi labarin yadda na kunyata su, da yadda fuskar Cindo ta koma. Ya yi loma biyu ya tsaya.

Ya ce, "Mantau, akwai abin da ke damuna tun ran Litinin. Mutumin nan da yana hannuna, ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo. Ya ce mini, 'Biyun can na san su, 'yan sawu ne, ba na sa rai da su. Amma na ukun baƙo ne irinka, ga shi dab da tsani. Na yi ta kallonsa tun ina sama. Me na yi masa?' Na waiwaya ban ga kowa ba, na ɗauka zafin ciwo ne. Kai da ka sauka, wa ke tsaye a wurin?"

Na ce, "Ni ne, Yaya."

"Da nisa ne?"

"Taku biyu."

"Sun ɗaure ka?"

"A'a."

"To me kake yi?"

Na ce, "Sawu nake kallo. Shi ne shaidarka, Yaya. Da na motsa da shaidata ta ɓaci, da yau sun sare ka. Don kai na tsaya."

Ya dube ni ya ce a hankali, "Da ka sa ƙafa ka tare gindin tsanin, wa za a ce na kashe?"

Wallahi sai a lokacin wannan tunani ya zo mini. Malam Wada ya ba ni labarin mai albasa da bakinsa, na ji da kunnena, na yi tir da shi a zuciyata, ban ko yi sa'a ɗaya ba na tsaya a buzunsa na yi abin da ya fi so. Na miƙe zumbur na ce zan koma, zan roƙe su in sake sauka. Yaya Jatau ya ce in zauna, ai ni na gaya masa ƙofar ba ta buɗe wa mutum sau biyu.

Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba, da ma ya yi. Ya cire hannunsa daga ƙwaryar, ya wanke shi da ruwan gora har sau uku, ya tura mini sauran ya ce in cinye, shi ya ƙoshi.

Yau shekara ashirin da ɗaya ke nan. Gidanmu ɗaya, kullum da safe ina zuwa in gaishe shi, yana amsawa da fara'a, 'ya'yana a hannunsa suka girma. Amma daga gindin tsamiyar nan har yau bai sake sa hannu a ƙwarya ɗaya da ni ba.